Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Assalamu alaikum. Ni ba mai yawan magana ba ce, waɗanda muke aji ɗaya da su za su shaida. Yayata ce ta ba ni izinin rubuta wannan, ta ce in faɗi komai, har abin da bai yi wa gidanmu daɗi ba. Na canza sunaye, amma ban canza abin da ya faru ba. Ina rubutawa ne domin matan da suka taɓa ɓari aka yi musu wankin ciki aka sallame su ba a ce su dawo ba, da kuma iyayen da wata rana takardar gwaji za ta kawo musu labarin da bai yi kama da 'yarsu ba.

Yaya Hindatu ta girme ni da shekara shida. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yana fataucin hatsi ne zuwa Kongolam, kuma a kan wannan hanyar ya yi haɗari ya rasu, aurensu bai cika shekara biyu ba. Ya bar ta da ciki wata uku, na fari. Sati uku da rasuwar jini ya ɓalle mata. Aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a nan Daura, aka yi mata wankin ciki, washegari aka sallame ta da maganin ƙarin jini. Inna, mahaifiyarmu, ita ta shiga da ita, ta kuma ga abin da aka fitar a tasa. Ta ce ba ta ga siffar ɗa ba, wasu ƙananan ƙulalai ne masu ruwa, jingim, kamar ƙwan kwaɗi a bakin tafki. Ta tambayi wanda ya yi aikin, ya ce ɓari iri-iri ne, ta yi haƙuri. Aka zubar da abin. Ba a kai shi gwaji ba, ba wanda ya ce Yaya ta dawo bayan sati biyu a duba jininta. Duk abin da ya biyo baya daga wannan tasar ya taso, kuma har yau idan na bi ta ƙofar wurin nan sai na kau da kai.

Da ta gama takaba ta dawo gidanmu. Jinin bai taɓa ɗaukewa gaba ɗaya ba. Ya yi kwana huɗu ya tafi, bayan kwana goma ya dawo, wani lokaci ɗigo ne kawai. Abin da ya dami Yaya shi ne salla. Ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, malama ta yi mata bayani mai kyau, ta ce wanda ya wuce kwanakin al'ada jinin cuta ne, ta yi tsarki ta ci gaba da sallarta. Hukuncin daidai yake. Amma mu duka muka ji kalmar cuta, muka tsaya a kan alwala, ba wanda ya ce a je a ga wace cuta ce.

Wata goma bayan ɓarin, wani malamin firamare daga Mai'adua, Malam Nafi'u, ya fito neman aurenta. Mutum ne mai natsuwa, Yaya ma ta amince da shi. Aka sa rana. Kamar yadda ake yi yanzu, sai da aka ce su je gwajin kafin aure: na cuta mai karya garkuwar jiki, na sikila, sannan na ciki ga macen. Yaya ta tafi tana dariya, ta ce ko a tsaga ta gida biyu ba za a samu komai ba sai tuwon dawa. Ta dawo kafin azahar ba ta iya cire hijabinta ba. Gwajin fitsari ya nuna layi biyu. An sake, ya sake nunawa. Mai gwajin ya rubuta a takarda cewa tana da ciki, ya buga hatimi, ya miƙa wa wakilin ango, domin shi ya biya kuɗin.

A lokacin ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun sinadaran jikin ɗan Adam, amma malamai suna yajin aiki, don haka ina gida. Komai a idona aka yi shi.

Sati na farko gidanmu ya zama kamar gidan makoki ba gawa. Dangin Malam Nafi'u suka aiko a mayar musu da kayansu. Shi kansa bai zo ba, bai kira ba. Baba, wanda dillalin shanu ne da kowa ya sani a kara, ya daina fita kasuwa. Bai daki Yaya ba, bai zage ta ba, ya kira ta zaure sau ɗaya ya tambaye ta tsakaninta da Allah. Ta ɗauko Alƙur'ani za ta dafa, ya karɓe daga hannunta ya ce ba sai ta rantse ba. Amma daga ranar bai ƙara haɗa ido da ita ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Inna ta ce a koma asibiti a sake dubawa. Baba ya ce wane asibiti? A Daura babu nas ɗin da ba surukar wani ba ce ko maƙwabciyar wani. Kuma ya san abin da kowa ya sani: a gaban alƙali, bazawarar da aka samu da ciki babu miji, cikin da kansa shaida ne a kanta. Ba a taɓa kai wata daga unguwarmu ba, amma tsoron yana nan. Takarda ɗaya ta fita, ya ce, ba zai bari a rubuta ta biyu ba.

A sati na biyu Gwaggo Laure ta iso daga ƙauye. Yayar Baba ce, ita ta goya shi, kuma ba a musa mata a gidanmu. Ta shiga ɗaki da Yaya, ta latsa mata mara, ta fito fuskarta a sake. Ta ce mu duka mun ruɗe ne a banza. Cikin marigayi ne. Tagwaye ne aka samu, ɗaya ya zube saboda firgicin mutuwa, ɗayan ya kwanta, yanzu ne yake son tashi. Ta lissafo mata uku da ta sani waɗanda ciki ya kwanta musu, ɗaya har shekara uku. Ta tura Baba wurin wani malami, malamin ya tabbatar masa cewa littattafan fiƙihu sun san kwantaccen ciki, kuma matar da mijinta ya rasu ana jingina cikinta ga mamacin har zuwa wasu shekaru.

Ba zan manta yadda Baba ya dawo ranar ba. Ya ci abinci sosai, ya tambayi Yaya jiki. Ita kanta Yaya na ga ta ɗora hannu a mararta tana murmushi, karo na farko cikin kwana goma. Ta yi tunanin mijinta ya bar mata wani abu.

Daga baya na karanta wannan hukuncin, na kuma gane rahama ce malamai suka yi wa mata da shi, don kada a kama mace da zargin da ba a tabbatar ba. Amma hukunci ne na kotu, ba magani ba ne. Mu kuwa muka ɗauke shi muka rufe ƙofa da shi. Masu cewa Yaya ta yi abin kunya da masu cewa ciki ne ya kwanta ba su yarda da juna a komai ba, sai a abu ɗaya: ta zauna a ɗaki.

Gwaggo ta kawo maganin tayar da ciki daga wurin wata tsohuwa a wajen Kongolam. Sassaƙe ne da ake jiƙawa a tukunyar ƙasa, da wani gari da ake damawa a kunu, da rubutu safe da yamma. Yaya tana sha tana amai. Gwaggo ta ce laulayi ne, alama ce mai kyau. Ta fara ramewa, wuyanta ya fito, aka ce ɗan ne yake shanye ta. Jinin ya ƙaru, aka ce ruwan da ya kwanta a kansa ne yake fita.

A sati na uku na buɗe takardun karatuna, ba don komai ba sai don ba ni da inda zan sa kaina. A darasin da aka yi mana a zangon da ya wuce akwai shafi ɗaya a kan sinadarin da gwajin ciki yake nema, wanda ake kira hCG. Mabiyiya ce take fitar da shi, ba jariri ba. A ƙasan shafin, da rubutun hannuna, na ga abin da malaminmu ya faɗa na kwafa don jarrabawa: akwai cikin da ba ya zama ɗa, sai ya zama ƙulalai masu ruwa. Idan aka wanke shi dole a riƙa auna sinadarin a jini har ya ɓace, domin wani lokaci ragowarsa yana rikiɗa ya zama kansa, ya ci gaba da fitar da sinadarin, ya bi jini ya tafi huhu. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Na zauna a bakin katifa ina kallon shafin, ina tuna ƙwan kwaɗin da Inna ta faɗa.

Nan ne laifina ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na samu Inna a madafa na yi mata bayani a hankali. Ta saurara, ta ce in bari ta gaya wa Gwaggo. Gwaggo ta kira ni gaban matan gida.

"To, likitar gida. Ke da ko tallan aure ba a fara yi miki ba, ina kika san mahaifa? Abin da ake koya muku ke nan a can?"

Aka yi dariya. Ta ƙara da cewa in daina yi wa ɗan marayan da ke ciki mugun baki. Na sunkuyar da kai na koma ɗaki. A gidanmu budurwa ba ta ambaton ciki da jini a gaban manya, balle a gaban mahaifinta. Na san abin da na karanta, na kuma yi shiru. Kullum ina rubuta a bayan littafina sau nawa Yaya ta canza ƙyalle, me ta ci, me ta amayar, kamar rubutun zai yi wani abu.

Sati na huɗu ta fara tari. Mai kemis ɗin bakin titi ya ba da maganin tari da na zazzaɓin cizon sauro, bai gan ta ba, Inna ce ta kwatanta masa. Sati na biyar ba ta iya tsayuwar salla sai a zaune. Wata safiya muna wanki a tsakar gida, ita tana zaune a kan turmi tana miƙo min sabulu, tari ya sarƙe ta, ta tofa a ƙasa. Jini ne ja, da kumfa. Ta yi sauri ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe, ta ce kada in gaya wa kowa, ta gaji da zama abin magana.

Na san ba zan iya buɗe baki a gaban Baba ba, ko na je muryata ba za ta fito ba. Baba ba ya karanta boko, amma yana karanta ajami. Na yage takarda daga littafina, na rubuta masa da ajamin da na koya a makarantar allo, shafi ɗaya da rabi. Na faɗi abin da Inna ta gani a tasa, da abin da littafi ya ce, da jinin da na gani a ƙasa. Na ce idan ƙarya nake hoton ciki zai nuna ɗa, a yi min duk hukuncin da ya dace. Na naɗe ta na sa a ƙarƙashin kwanon abincinsa na rana, na kai zaure na fito.

Bai daɗe ba ya aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Abincin yana nan a rufe, takardar tana kan gwiwarsa.

"Saude, wannan abin a littafi yake ko a kanki?"

"A littafi yake, Baba."

"Tun yaushe kika sani?"

"Yau kwana goma sha tara."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Sannan ya ce in je in gaya wa Inna ta haɗa kaya, da safe za mu Kano. Gwaggo ta yi faɗa, ta ce za a kai yarinya a kashe mata ɗa da allura. Baba ya ce wa yayar tasa, "Yaya, a wannan karon ki bar ni." Ban taɓa jin ya faɗa mata haka ba. Da safe kuma ita ta riga kowa shiga mota, da tabarmarta da butarta, ta ce ba za a kai 'yar ƙaninta wani gari ba ta nan.

Mun isa wani babban asibiti a Kano da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Layin yankan kati daban, layin biyan kuɗi daban, layin awon jini daban, kowanne a wani gini, Yaya tana jingine da Gwaggo a kan benci tana numfashi sama-sama. Wata ma'aikaciya da ke cike takarda ta tambayi sunan miji, aka ce ya rasu. Ta tambayi yaushe, aka faɗa mata. Ta kalli takardar gwajin, ta kalli Yaya daga sama har ƙasa, ta ce "uhm" ta ci gaba da rubutu. Har yau ina jin wannan "uhm" ɗin a kunnena.

Likitar da muka samu mace ce, mai ɗan shekaru, ba ta da fara'a sosai, amma Allah ya saka mata da alheri duniya da lahira. Ba ta tambayi miji ba. Ta tambayi ɓarin, ta sa Inna ta kwatanta abin da ta gani sau biyu, ta ajiye biro ta tambaya ko an auna jinin bayan wankin cikin. Da aka ce a'a, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta tura mu sikanin, wato hoton ciki, da hoton ƙirji da gwajin jini. Gwajin jinin an ce kayan aikinsa sun ƙare a asibitin, sai da Baba ya hau adaidaita da kwalbar a aljihu ya kai wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari.

Kwana biyu bayan nan ta tara mu a ofishinta, har da Baba. Ta ɗaga hoton cikin ta nuna babu ɗa, babu ko alamar an taɓa samun ɗa a kwance, sai wani tsiro da ya ci bangon mahaifa. Ta ɗaga na ƙirjin, ga wasu fararen dunƙule-dunƙule a huhu kamar an watsa kuɗin ƙarfe. Ta ce sinadarin da ya kamata a samu ƙasa da biyar a jinin macen da ba ta da ciki, na Yaya ya haura dubu ɗari. Baba ya yi gyaran murya, ya tambaya da ƙyar ko wannan yana nufin babu wani namiji a maganar. Amsarta na rubuta ta a ranar, ga ta yadda ta faɗa:

"Alhaji, wannan gwajin ba ya ganin jariri, ba ya ganin namiji. Sinadari ɗaya yake gani. Ciwon 'yarka ne yake fitar da shi, kuma ciwon ragowar cikin mijinta ne da ba a bi sawunsa ba."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya juya wurin Yaya, ya kalle ta sosai, ya ce, "Hindatu, ki yafe min." Yaya ta juya wurin likita. Tambayar da ta yi wa likita ita ce, ashe babu ɗan ke nan? A ranar ba kansar ta yi wa kuka ba.

Likita ta ce irin wannan kansar tana cikin masu jin magani, ko ta kai huhu, amma sai an jure. Aka ba Yaya gado. Maganin ta ƙarin ruwa ake sa shi, sati guda mai nauyi na kwana biyu, sati na gaba mai sauƙi, haka ake ta juyawa, kuma kafin kowane zagaye sai an ɗebi jini an ga inda lambar take. Magungunan ba a samunsu duka a asibiti, sai a waje, kuma farashin wannan satin ba shi ne na wancan ba. Baba ya sayar da bijimai biyu da yake kiwo don Babbar Salla, daga baya ya sayar da gonarsa ta hanyar Zango. Inna ta sayar da awakinta. Ban faɗi wannan don a tausaya mana ba, na faɗa ne don a kwatanta: gwajin jinin da za a ce ta dawo ta yi bayan wankin ciki bai kai kuɗin akuya ɗaya ba.

A zagaye na biyu gashinta ya fara zubewa, bakinta ya yi gyambo har ruwa ba ya wucewa sai da hawaye. Gwaggo ce take dama mata kunun gyaɗa ta tace shi sau biyu ta ba ta da ƙaramin cokali. Ita take wanke mata zannuwa, ita take kwana a tabarma a barandar ɗakin, ita take faɗa da masu shara idan sun watsa ruwa kusa da kayanmu. Ba wanda ya yi wa Yaya hidimar da Gwaggo ta yi, kuma ba wanda ya jawo mata jinkirin da Gwaggo ta jawo. Na kasa raba waɗannan biyun a zuciyata, na daina ƙoƙari. Har yau idan maganar ta taso cewa take yi likitoci sun narkar da yaron.

A sati na biyar da kwanciyarmu, ana tsakiyar rana, jini ya ɓalle wa Yaya irin wanda ban taɓa gani ba. Ya jiƙa katifa ya sauka ƙasa. Aka ƙara mata jini leda huɗu, ɗaya tawa, ɗaya ta Baba, biyu na wasu ɗalibai da ban san su ba, abokiyar karatuna ce ta yi musu magana suka zo, Allah ya biya su. Jinin bai tsaya ba. Likita ta fito ta ce tsiron ya huda bangon mahaifar, idan ba a cire ta ba Yaya ba za ta kai gobe ba. Baba ya sa hannu. Yaya tana da shekara ashirin da bakwai, ba ta taɓa riƙe ɗanta ba.

Bayan tiyatar na tare likita a baranda, na yi ƙarfin halin da ban saba ba, na tambaye ta da mun zo tun ranar gwajin auren, da an tsira da mahaifar? Ta ce ba ta san gaibu ba. Ta ce abin da ta sani shi ne wannan ciwon a sati yake girma ba a shekara ba, kuma da yawa daga waɗanda suka zo da wuri magani kaɗai ya ishe su, sun haihu daga baya. Sati biyar muka yi da takarda a hannu muna gardamar ko zunubi ne ko tagwaye.

Daga nan lambar ta fara sauka. Na riƙa rubuta ta a jere: dubu arba'in, dubu tara, ɗari takwas. Sau ɗaya ta tsaya wuri guda sati biyu, muka shiga tashin hankali, ashe zagaye ɗaya ne aka jinkirta saboda jininta ya yi ƙasa. A wata na biyar ta sauka ƙasa da biyar. Aka ƙara mata zagaye uku don tabbatarwa, aka sallame mu, da sharaɗin gwajin jini kowane wata har shekara. Yajin aiki ya ƙare na koma makaranta, amma duk wata ni nake zuwa Daura in ɗauke ta mu tafi Kano mu dawo.

Ga abin da nake roƙo. Wadda aka yi wa wankin ciki ta tambayi me aka fitar, ta nemi a kai shi gwaji, ta tambaya ko akwai buƙatar auna jini daga baya. Idan an ga ƙulalai masu ruwa, kada a bar wurin sai da takarda. Jinin da ya ƙi ɗaukewa bayan ɓari, a tambayi malama hukuncin salla, a kuma tambayi likita dalilinsa. Masu gwajin kafin aure, ku ji tsoron Allah: layi biyu ba hukunci ba ne, ku tura mace sikanin kafin ku buga hatimi, kuma sakamakon mace a hannunta ake sa shi, ba a hannun wanda ya biya ba. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, idan kun san abu ku faɗa, ko za a yi muku dariya. Dariyar da na guje wa ba ta kai ta minti biyu ba.

Duk watannin da muka yi a Kano, daga unguwarmu mutum uku ne suka zo dubiya. Da muka dawo ma ba a cika shigowa ba. Labarin da ya zaga shi ne an kai ta Kano an zubar, kansar kuma sunan da aka sa wa abin ne. Baba ya nuna takardar likita a majalisarsu, wani ya ce ai takarda ko ta mene ce ana samu a Kano. Malam Nafi'u ya yi aure tun muna asibiti. Ya aiko da gaisuwa ta bakin wani, Yaya ta ce tana amsawa.

Ranar da aka yi gwaji na goma sha biyu likita ta ce ta warke, sai dai a riƙa leƙowa jefi-jefi. Mun sauka a tashar Daura da la'asar. Na tsayar da mai mashin, Yaya ta ce a'a, da ƙafa za mu. A al'adarmu wanda ya tashi daga ciwo yakan zaga ya yi wa waɗanda suka duba shi godiya. Na ɗauka gidaje ukun nan za mu shiga. Sai na ga ta yi sallama a gidan farko na layinmu, gidan da ko aike ba su yi ba. Matan suna tsakar gida suna tsince shinkafa. Suka daburce, aka shimfiɗa tabarma, aka fara sannu da jiki, ya ƙarfin jiki, wallahi muna ta cewa za mu shigo. Yaya ba ta zauna ba. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, cikin ladabi, sannan ta ce:

"Na ga ba ku samu zuwa ba, shi ne na ce bari in kawo muku kaina ku gani. Kansa ce. An cire min mahaifa. Wadda take son ganin ɗinkin, ga ni."

Ba wadda ta ɗago kai. Ta yi musu sai anjima, muka fito, ta shiga gida na gaba. Gida goma sha ɗaya ne a layinmu, ba ta tsallake ko ɗaya ba, ina biye da ita da jakar takardun asibiti. Da muka zo ƙofar gidanmu ana kiran magariba, ta dafa bango tana haki, ta ce in shiga in ce wa Inna ta zuba mata tuwo da yawa, yunwa take ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda aka rufe a ɗaki har suka tafi ba a san me ya ci su ba.